Makkar Da Ke Cikin Fim: Wa Ya Gina Ta?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa, yaranmu a nan Kilomita Biyar suna kallon finafinan tarihin Musulunci a waya, suna ganin lungunan Makka da kasuwar Madina kamar a can aka ɗauka. Ya kamata mu san yadda ake yin abin nan, don mu iya yi musu bayani.

A da, gini ake yi na gaske. Lokacin da Mustafa Akkad, ɗan asalin Siriya, ya shirya fim ɗin Ar-Risala wanda ya fito a 1976, sai da aka gina kwaikwayon tsohuwar Makka a Maroko, daga baya aikin ya koma Libiya. Shirin Umar, wanda tashar MBC ta nuna a azumin 2012, shi ma a Maroko aka gina masa Makka.

Yau kuwa kwamfuta ta karɓi wani ɓangare na wannan aiki, ta hanya biyu. Ta farko ita ce koren ƙyalle. Ɗan wasa zai tsaya a ɗaki, bayansa kore fatau. Kwamfuta sai ta cire koren, ta sa hamada ko fada ko rundunar dawaki a gurbinsa. An zaɓi kore ne saboda ya yi nisa da launin fatar ɗan Adam.

Ta biyu sabuwa ce: katangar allo. A shirin The Mandalorian na Amurka, a 2019, an kewaye 'yan wasa da allo mai tsayin kusan mita 6. Wurin da aka zana a kwamfuta yana bayyana a kansa, kyamara na motsawa hoton na bin ta, hasken allon na sauka a fuskokinsu. Mai kallo sai ya rantse a jeji suke, alhali ko ƙofar ɗaki ba su fita ba.

To, ina ruwanmu? Abu biyu ne.

Na farko, ilimi. Makkar cikin fim hasashen mai zane ce. Faɗin titi, launin tufafi, siffar gidaje, duk wani ne ya zaɓa. Yaro in ya riga ya gani da ido, da wuya karatu ya goge masa hoton. Saboda haka sira a gaban malami ake ɗaukar ta, daga littattafai irin na Ibn Hisham. Mu tuna kuma malaman Azhar sun ƙi amincewa da nuna fuskokin manyan sahabbai a shirin Umar. Kyan hoto ba ya mayar da abu hujja.

Na biyu, zaman lafiya. Dabarar da ke gina Makka a ɗaki, ita ce ke iya nuna masallaci ko coci yana ci da wuta alhali ba abin da ya same shi. Kayan aikin sun yi araha, har a waya akwai su. Mu da muka ga 2013 da 2014, muka ga tashin hankalin 2018, ba ma bukatar a gaya mana abin da labari guda ke jawowa unguwa kafin la'asar. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari, kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Bidiyo ma labari ne.

Don haka in bidiyo ya shigo WhatsApp, mu tambaya: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? In an ce a Bangi ne, a kira wanda ke kusa da wurin. In ba a samu tabbaci ba, a bar shi ya mutu a wayarmu. Iyaye kuma su zauna da yara lokacin kallo, su ce musu: wannan zane ne, gobe mu tambayi malam.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Allah ne Mafi sani.