Idon da Ke Tsince Shinkafa



Duk wanda ya san cinikin shinkafa a Tudun Wada ya san abin da mai saye ke fara yi. Zai ɗiba a tafin hannu, ya baza, ya ƙura ido. In baƙar ƙwaya ta yi yawa, farashi ya faɗi kenan. Ruwan madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974, ya haɓaka noman shinkafa a kudancin Kano, amma tsinta a gidaje da yawa har yau sai faifai da idon mata.

Manyan kamfanonin casa kuwa inji ke yi musu. Shinkafa na gangarowa, kyamara na kallonta ƙwaya-ƙwaya, wadda launinta ya saɓa sai iska ta feso ta ture ta gefe.

To, akwai ƙanwar wannan na'ura da ɗalibi zai iya riƙewa da yatsu biyu, sunanta TCS3200. A cikinta akwai ƙananan idanu 64. Guda 16 ja suke gani, 16 kore, 16 shuɗi, ragowar 16 kuma kowane haske suna karɓa. Fitilu huɗu farare ne ke haska abin da aka ajiye a gabanta, hasken da ya dawo shi take aunawa, ta miƙa wa wata ƙaramar kwamfuta mai suna Arduino. Tumatirin da ya nuna ja yake mayarwa da yawa, ɗanye kuma kore. Da haka ake gane su.

Sai dai tana da sharaɗi. Hasken rana na rikita ta, dole a yi mata rumfa, a kuma fara nuna mata farar takarda ta san ma'auni. Ba ta da saurin tsince buhun shinkafa, kada wani ya yaudare ku. Amma yaron da ya sa ta bambance farar masara da ja, irin wadda ake nomawa a Doguwa, ya kama tushen ilimin da babban injin ke aiki da shi.

Malaman kimiyya na Kiru da Bebeji, don Allah ku nemo wa ɗalibanku ko da guda ɗaya ce, ku bar su su haɗa wayoyin da hannunsu.