Gandu da Kasuwa: Sauye-sauyen Manufofin Noma da Matsayin Ƙaramin Manomi a Ƙasar Zazzau

A Birnin Zariya da ƙauyukan da ke kewaye da ganuwarta, noma sana'a ce ta iyali. Tsarin gandu, inda maigida da 'ya'yansa ko ƙannensa ke noma gona ɗaya kowa kuma yana da gayaunarsa, shi ne M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na 1955, shi ne kuma D. W. Norman ya tarar a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a shekarun 1960. Wannan maƙala ta dubi yadda manufofin gwamnati suka riƙa sauya mai sayen amfanin irin wannan iyali, ba tare da sun sauya halin da yake ciki ranar sayarwa ba.

Tarihin auduga ya isa misali. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ƙungiyar Turawa ta BCGA ta kafa injin gurzar auduga a garin da burin ciyar da masaƙun Ingila. Sai dai ta tarar da abokan takara, domin fatake masu kai wa masaƙan Kano kaya sukan biya manomi fiye da farashinta. Wato gasa ta riga Bature zuwa kasuwar. Abin da ya biyo baya shi ne taƙaita ta: aka keɓe kasuwannin auduga, aka kafa hukumomin sayen gyaɗa da auduga a 1949, sannan hukumar Jihar Arewa ta gaje su a 1954. Hukuma ce ke yanke farashi, wakilai masu lasisi da 'yan barandarsu ke saye, rarar kuɗin kuma ta tafi baitulmali.

A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumomin. Hujjar ita ce idan masu saye suka yawaita, farashi zai yi wa manomi kyau. Masu saye kam sun yawaita, musamman na masara, wadda ta bunƙasa a yankin bayan shirin raya noma na Funtuwa na 1975 da ingantattun irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar. Kasuwar Giwa a yau tana tara dillalai da wakilan kamfanonin abincin kaji daga nesa.

Amma yawan masu saye bai wadatar ba idan mai sayarwa ba ya iya jira. A nan ne kalmomin Hausa da kansu ke fayyace lamarin. Kaka lokacin araha ce, bazara da tsakiyar damina lokacin tsada. Falle kuwa, kamar yadda Polly Hill ta rubuta game da ƙauyen Ɓatagarawa, bashi ne da ake ci kafin girbi a biya da hatsi. Magidancin da ya ci bashin taki a watan Yuni ya riga ya sayar da wani ɓangare na masararsa tun ba ta fitar da goyo ba. Da kaka ga biyan bashi, ga aurar da 'ya, ga kuɗin makaranta, ga kuma rumbun da ba ya hana ƙwari. Saboda haka yakan sayar a watan da kowa ke sayarwa, wani lokaci ma ya dawo da damina ya sayi irin hatsin a tiya da tsada. Mai sito da jari shi ke cin bambancin. Akwai kuma batun awo, wanda ba a cika kula da shi ba: ciniki da buhu ake yi, cikar buhu kuwa mai saye ne ke da ta cewa a kanta.

Shirye-shiryen baya-bayan nan sun fi karkata ga kayan noma. Tsarin rabon taki ta wayar salula na 2012 da bashin Babban Banki na Anchor Borrowers na 2015 duk sun nufi ƙara yabanya. Kan iyaka kuma sai a rufe, kamar a Agustan 2019, sai a buɗe, kamar dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 da aka sanar a Yulin 2024. Babban ɗan kasuwa na iya sauya lissafi cikin mako guda. Mai gandu kuwa ya riga ya zuba taki a kan tsohon farashi.

Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta haramta haɗa baki wajen ƙayyade farashi, amma da wuya ta kai ga cinikin da aka ƙulla a zaure watanni kafin girbi. Gyaran da zai taɓa wannan ciniki shi ne ma'ajiya ta haɗin gwiwa wadda takardar ajiyarta za ta zama jingina a banki, da sikeli a kasuwannin hatsi, da sanar da manufar shigo da abinci kafin saukar ruwan shuka.