Me ya sa kafiretar babur ke ambaliyar mai, kuma yaya ake gyara ta?

Yawancin Hausawa sun san unguwar Tottenham da ke arewacin Landan ne saboda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Tottenham Hotspur. Amma tafiya kaɗan daga filin wasan ƙungiyar, a yankin Northumberland Park, an taɓa samun masana'antar da ta ƙera wasu daga cikin injinan babur mafi shahara a duniya.

John Alfred Prestwich ne ya kafa kamfanin a 1895, inda ya fara da ƙera kayan ɗaukar hoton sinima kafin ya koma kan injina. Injinansa, waɗanda aka fi sani da JAP, su ne ke cikin baburan Brough Superior irin wanda T.E. Lawrence, wato Lawrence na Arabiya, yake hawa. Kamfanin ya haɗe da Villiers a 1957, aka kuma daina aiki a masana'antar Tottenham a 1963.

Masu irin waɗannan tsofaffin babura a Birtaniya na da wata al'ada da za ta ba ɗan acaɓa mamaki: da gangan suke sa kafireta ta yi ambaliya kafin su tayar da inji. Kafiretocin kamfanin Amal, da aka fi amfani da su a baburan Birtaniya na wancan zamani, suna da wani ɗan maɓalli a gefe. Mahayi zai danna shi har sai ya ga fetur ya fara tsattsafowa, sannan ya taka kik. Dalili kuwa shi ne inji mai sanyi yana buƙatar mai fiye da kima a bugun farko.

Abin da wannan maɓalli ke yi na daƙiƙa biyu ko uku, shi ne dai ke faruwa ba tare da izinin kowa ba idan babur ya yi abin da makanikai ke kira obafulo.

Yadda kafireta ke auna mai

Aikin kafireta shi ne cakuɗa iska da fetur kafin su shiga inji. Idan aka auna da nauyi, inji na son kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na fetur. Idan man ya yi yawa sosai, tartsatsin fulogi ba zai iya kunna shi ba.

A ƙarƙashin kafireta akwai wani ɗan kofi da mai ke taruwa a ciki daga tanki. A cikin kofin akwai fulot, wani abu maras nauyi na roba ko tagulla da ke yawo a kan man. Yayin da mai ke ƙaruwa, fulot na tasowa sama yana tura wata 'yar allura, ita kuma ta toshe ƙofar da man ke shigowa. Da inji ya sha man, fulot ya sauka, ƙofa ta sake buɗewa. Kusan haka tankin ruwan masai na zamani yake aiki.

Duk tsarin ya dogara ne a kan bakin allurar nan, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tsakuwa ɗaya ta yashi ko ɓurɓushin tsatsa daga tanki sun isa su hana ta rufewa, sai mai ya ci gaba da kwarara har kofin ya cika ya tumbatsa.

Ambaliya iri biyu ce

A nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗi, domin matsaloli biyu ne ake kira da suna ɗaya.

Ta farko daga mahayi take. Ya bar cok a ja bayan inji ya yi zafi, ko ya yi ta taka kik babur bai tashi ba, ko kuma babur ya faɗi ya kwanta a gefe na ɗan lokaci. Kafiretar lafiyarta ƙalau, inji ne ya sha mai ya ƙoshi. Alamarta ita ce warin fetur da jiƙaƙƙen fulogi, amma ba a ganin mai na ci gaba da ɗiga a ƙasa.

Maganinta bai kai a je gareji ba. A rufe makunnin mai, a mayar da cok, a murɗa totur har ƙarshe a riƙe shi, sannan a taka kik sau da yawa. Murɗa totur a wannan hali yana iya zama kamar ƙara wa wuta mai, amma iska ce yake buɗe wa hanya ta share man da ya taru. Idan hakan bai yi ba, a cire fulogi a busar da shi, a kashe makulli, a taka kik babu fulogin domin man ya fita. Wannan aiki ba a yin sa kusa da murhu ko mai shan taba.

Ta biyu kuwa daga cikin kafiretar take, kuma gane ta ba wuya: da zarar an buɗe makunnin mai, fetur zai fara zuba ta ɗan tiyon da ke ƙarƙashin kofi, ko da ba a taɓa inji ba. Idan babur ya tashi, zai riƙa sarƙewa yana fitar da baƙin hayaƙi ta salansa, fulogi kuma ya yi baƙi ƙirin.

Gwajin farko shi ne a ɗan ƙwanƙwasa kofin da ƙotar sukudireba, a hankali, ko fulot ɗin ya maƙale ne. Idan zubar ba ta tsaya ba, a rufe mai, a kwance ƙusar da ke ƙasan kofi a tsiyaye abin da ke ciki cikin mazubi mai tsabta. Abin da ya fito yakan faɗi gaskiya: yashi, tsatsa ko ɗigon ruwa.

Daga nan sai a buɗe kofin. A girgiza fulot kusa da kunne. Idan aka ji motsin mai a ciki, ya huje, kuma hujajjen fulot nutsewa yake yi ba zai taso ba. A duba bakin allura. Idan ya ci ya yi zobe, wanki ba zai gyara shi ba, sai dai sabuwa. Akwai makanikan da ke gaggawar lanƙwasa ɗan harshen ƙarfen da ke tura allurar domin zubar ta tsaya. Sau da yawa takan tsaya ɗin, amma sai kofin ya daina samun isasshen mai, babur ya riƙa shaƙewa a kan doguwar hanya. Kowane samfurin kafireta na da tsayin fulot da kamfani ya ƙayyade masa.

Abin da ba a gani a ƙasa

Man da ya zuba a ƙasa asara ce, kuma yana iya kamawa da wuta idan ya sauka a kan inji mai zafi, musamman ga wanda ke kwana da babur a zaure ko cikin ɗaki. Amma wanda ya gangara cikin inji ya fi ɓarna. Yakan wuce fistin ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi, inji ya riƙa cin kansa. Idan baƙin mai na warin fetur ko ya ƙaru a kan sandar awo, dole a juye shi kafin a sake hawa. Idan kuma man ya cika saman fistin, kik zai yi tauri ya ƙi tafiya. Tilasta shi na iya lanƙwasa sandar da ke riƙe da fistin.

A Landan, kafireta na kan hanyar zama kayan tarihi. Tun Oktoban 2021 tsarin taƙaita hayaƙi na ULEZ ya haɗa da Tottenham, kuma babur ɗin da bai kai ma'aunin Euro 3 ba yana biyan fam 12.50 a duk ranar da ya fito, sai dai wanda ya haura shekara 40 aka yi masa rajistar abin hawa na tarihi. Matsalar masu irin waɗannan babura ita ce yawan ajiya: man da ya daɗe a kofi yakan daskare ya zama danƙo. Ga kuma fetur samfurin E10 da aka fara sayarwa a Satumban 2021, wanda sinadarin etanol ɗin da ke cikinsa ke jan ruwa yana kuma lalata tsohuwar roba.

A Kano ko Maraɗi kuwa, inda Bajaj Boxer da Jincheng ke ɗauke da abincin iyalai da dama, babur ba ya zama balle mai ya daskare. Abokan gabarsa su ne ƙurar hunturu, tsatsar tanki da man da aka juye daga jarka zuwa kwalba a bakin titi. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023, kowane ɗigo da ya sauka a ƙasa daga cinikin ranar yake fita. Ƙaramin matacin mai da ake sawa a tiyo tsakanin tanki da kafireta yana tare yawancin dattin kafin ya kai ga allura, rufe makunnin mai da daddare kuma yana hana tanki ƙarewa cikin inji kafin asuba.