Ina marubucin labaran yara zai kai littafinsa?

Duk wanda ya kammala rubuta labarin yara da Hausa, babban aikin da ke gabansa shi ne samun mai buga masa.

A da, hukuma ce ke ɗaukar wannan nauyi. Hukumar Talifi ta Zariya ce ta fitar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam domin 'yan makaranta, sa'annan kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya ɗora daga nan.

To amma littafin yara na da tsada, domin sai da zane mai launi da takarda mai ƙwari. Shi ya sa marubutan Kano, waɗanda suka saba buga littattafan soyayya da kuɗin aljihunsu, ba su cika kusantarsa ba.

Manyan kamfanoni, irin su University Press na Ibadan, sun fi karkata ga littafin da ma'aikatar ilimi za ta amince a karanta a makarantu, tun da can ne cinikin yake.

Cassava Republic na Abuja na buga littattafan yara, amma galibi da Ingilishi. Haka ma gasar NLNG ta dala 100,000, wadda ke zagayowa kan adabin yara duk shekara 4, da Ingilishi ake shigarta.

Mujallar yara ta Hausa kuwa, sai an tona.

Akwai dai shafin intanet na African Storybook, inda marubuci kan sanya labarinsa da Hausa. Sai dai kyauta ake karantawa, don haka babu kuɗin da zai shigo masa ta nan.