Malaman Chicago a Lokacin Korona

A watan Janairun 2022, nau'in korona da ake kira Omicron ya bazu a Amurka. Malaman makarantun gwamnati na birnin Chicago suka shiga tsaka mai wuya: su je aji su ɗauko cuta, ko su koyar daga gida ta intanet? Ranar 4 ga wata ƙungiyarsu ta kaɗa ƙuri'a, akasarinsu suka zaɓi gida. Magajiyar gari, Lori Lightfoot, ta ƙi, tana cewa 'ya'yan talakawa ne za su fi cutuwa, kuma maganarta ba banza ba ce. Hukuma ta ce wanda bai zo ba, babu albashi. Aka yi kwana biyar ba karatu. Sai da aka yarda a ƙara gwaji, a raba takunkumi, sannan yara suka koma aji ranar 12.