Zazzaɓin Mura: Na Yaro Daban, Na Tsoho Daban

Jama'a, da zarar hunturu ya kama, mura takan bi gida-gida. Wata ƙwayar cuta mai suna bairos ce ke kawo ta. Idan ta shiga hanci da maƙogwaro, sai jiki ya tashi yaƙi da ita. Zazzaɓi da kumburin maƙogwaro alamun wannan yaƙi ne.

Jikin yaro yakan yi zafi ƙwarai. Wasu yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 har jijjiga suke yi. Hanyar numfashin jariri kuma siririya ce, ɗan kumburi kaɗan yana iya toshe ta. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti nan take.

Tsoho kuwa, ƙarfin jikinsa na yaƙi da cuta ya ragu. Ciwon yana iya sauka huhunsa ba tare da zazzaɓi ba. Ku tuna korona ta 2020, tsofaffi ta fi kashewa.

Saboda haka kada mu ce tunda jikin Baba ba zafi, ai da sauƙi. In yana haki, ko ya rikice, ko ya ƙi abinci, a garzaya da shi asibiti.