Ina Ƙwaƙwalwar Jif Ɗinku Take?

Tsohuwar Land Rover ta da, in ta tsaya cikin rafi, sai a tura ta waje, a goge filogi, a shanya wayoyi, ta tashi. Jif ta yanzu ba haka take ba. Ƙananan akwatunan lantarki ne ke tafiyar da ita, waɗanda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Ruwa kuwa shi ne babban magabcinsu. Ga damina tafe, motar ƙungiya za ta yi ta jigilar taki da iri ta hanyoyin fadama. Lalle ya kamata direba da shugabanni su san inda kowanne yake tun yanzu.

Babbar cikinsu ita ce ta inji, watau mai auna man da za a fesa. A Toyota Land Cruiser da 4Runner na shekarun 1990 tana cikin mota, wajen akwatin ajiye takardu da ke gaban fasinja. A wasu motoci na baya-bayan nan tana ƙarƙashin bonet. Za ku gane ta da manyan soket masu wayoyi da yawa. Ta birki ba ta da wuyar samu: ku bi bututun man birki cikin ɗakin inji, inda suka taru nan take.

Ta jakar iska yawanci tana daɓen mota, a tsakiya, kusa da giya. Soket ɗinta rawaya ne. Kada kowa ya taɓa shi sai an cire wayar batir an jira, Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, gama jakar tana iya fashewa a fuskar mutum.

Amma waɗanda suka fi damuna su ne na ƙarƙashin kujera. Range Rover samfurin da aka fara ƙerawa a 1994 tana da babban akwati a ƙarƙashin kujerar dama ta gaba, mai kula da fitilu da makullai da tagogi. Ruwan da bai kai gwiwa ba, in ya shiga ta ƙofa, ya isa ya kashe shi. Ku ɗaga kafet, ku leƙa ƙarƙashin kujerun taku motar.

In ruwa ya shiga, kada a murɗa makulli "a gwada". Nan ake yin hasarar. A cire batir, a ciro akwatin, a bari ya bushe sarai. Haka kuma in za a yi walda a jikin mota, a fara cire batir.

Wani abu kuma: ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16, wanda aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996. Nan ake jona na'urar binciken ciwon mota. In makanike ya ce ƙwaƙwalwa ta ƙone alhali bai jona na'ura ba, bai duba fis ba, ma'aji ya riƙe kuɗinsa tukuna. Sau da yawa fis ne kawai, ko ɓera ya ci waya.